Ina karanta Littafi Mai Tsarki, amma ranar wahala ba na tuna ko aya ɗaya. Ina mafita?

Tambaya: Wani ɗan'uwa ya rubuto cewa ya yi shekaru yana karanta Littafi Mai Tsarki, ba ya fashin sujada, amma a daren da aka kwantar da mahaifiyarsa a asibiti ya nemi aya ɗaya da zai riƙe ya rasa, kansa ya zama wayam. Yana tambaya ko rashin bangaskiya ne, kuma ko akwai amfanin wahalar da kai da hadda tun da Littafin duka yana cikin wayarsa.

Amsa: Ɗan'uwa, sannu da jinya, Ubangiji ya ba Mama lafiya. Ka kwantar da hankalinka a kan tambayar farko, abin da ya same ka ba shaidar rashin bangaskiya ba ne. Karatu daban, riƙewa daban. Mutumin da yake karanta sura guda kowace safiya, in aka jawo masa aya zai ce ya san ta, amma in aka ce ya kawo ta da kansa sai ya shiga lalube. Na farkon sabo ne na ido da kunne. Na biyun kuwa ba ya samuwa sai an horar da kai a kansa musamman. Tsoro da rashin barci su ne suka fi kome toshe tunani, shi ya sa abin da bai zauna daram ba tun ana zaune lafiya yakan ɓace a daidai lokacin da ake nemansa. Ba a fafe gora ranar tafiya. A yanzu da kake jinya kada ka ɗora wa kanka sabuwar hadda. Ka buɗe Zabura 23 ko 121, waɗanda ka riga ka saba da su, ka riƙa karanta wa Mama da murya safe da yamma, ka kuma kira dattawan ikkilisiya su zo su yi addu'a kamar yadda Yakubu 5:14 ya ce. Sauran abin da zan faɗa na bayan an sallame ku ne.

Batun waya kuma, waya tana ba ka abin da ka san ka nema ne kawai. Wanda zuciyarsa ta karaya da ƙarfe biyun dare bai ma san abin da zai rubuta a wurin bincike ba. Sa'an nan yawancin shawarwarin da suke gyara mutum ko su ɓata shi ana yanke su ne cikin ƙiftawar ido: sa'ad da aka turo maka ambulan ta ƙarƙashin fayil, sa'ad da aka ci maka mutunci a gaban jama'a, sa'ad da wani ya zo da ayoyi a baki yana neman kuɗinka. A irin wannan lokaci babu mai cewa a dakata ya duba waya. Abin da yake cikin kai shi ne yake magana.

Littafin da kansa ya ɗaure bege da tunawa, kuma inda wannan ya fi fitowa fili shi ne Makoki sura 3. An yi waƙoƙin nan ne bayan sojojin Nebukadnezzar na Babila sun rushe Urushalima sun ƙone Haikali, wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. A aya ta 18 mai makokin ya ce ƙarfinsa ya ƙare, sa zuciyarsa ga Ubangiji ma ta ƙare. A aya ta 19 da ta 20 yana ta tuna wahalarsa, ransa yana ƙara nutsewa. Sai a aya ta 21 ya ce akwai wani abu da ya jawo a ransa, kuma saboda shi ne yake da bege: ƙaunar Ubangiji ba ta ƙarewa, jinƙansa sabo ne kowace safiya, amincinsa da girma yake. Babu abin da ya canja a waje tsakanin aya ta 18 da ta 21. Birnin yana nan kango, matattu ba su tashi ba. Abin da mutumin ya sa a gaban tunaninsa ne ya canja. Kuma ba a wurin ya ƙirƙiro maganar ba. Abin da Allah ya faɗa wa Musa game da kansa ne a Fitowa 34:6, wanda Isra'ilawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna maimaitawa a cikin sujadarsu. Yana da shi a ka tun kafin ranar ta zo.

Haka yake a Sabon Alkawari. Bulus ya ce a Romawa 15:4 duk abin da aka rubuta tun dā an rubuta shi ne don koyarwarmu, domin ta wurin haƙuri da ta'aziyyar Littattafai mu zama da bege. Matan da suka je kabari da asubar Lahadi sun ruɗe, sai mala'iku suka ce musu su tuna abin da ya faɗa musu tun yana Galili, Luka 24:8 kuma ya ce suka tuna da maganarsa. Akwai masu cewa ba sai sun haddace ba, ai Ruhu Mai Tsarki zai tuna musu. Gaskiya ne Yesu ya yi wannan alkawari a Yahaya 14:26, amma abin da ya ce shi ne Ruhu zai tuna wa almajiran dukan abin da ya riga ya faɗa musu. Mutanen sun yi shekaru suna jin maganar nan kafin a yi musu alkawarin tuni.

To, me za a haddace? A nan ne yawancin mutane suke ɓata tun farko, domin sukan tsinci aya ɗaya daga Ishaya, ɗaya daga Filibiyawa, ɗaya daga Zabura, kowacce tsirara ba tare da abin da ya kewaye ta ba. Annabawa da manzanni ba su rubuta da lambobin aya ba. Rabon surori da muke amfani da shi ya zo ne a farkon ƙarni na 13, ana danganta shi ga Stephen Langton na Ingila, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani Bafaranshe mai buga littattafai, Robert Estienne, ya sa su a 1551. Suna da amfani wajen nemo wuri, amma sau da yawa sukan yanke magana a tsakiya. Saboda haka ka ɗauki sakin layi ko zabura sukutum. Ga mamakin mutane da yawa, hakan ya fi sauƙin riƙewa, domin kowace jimla tana jawo ta gaba da ita, alhali ayoyi goma da aka tsinto daga wurare goma ba abin da ya haɗa su.

Ka fara da gajeru. Zabura 23 aya 6 ce, Zabura 121 aya 8, Zabura 46 aya 11. Daga nan ka shiga abin da begen Kirista ya tsaya a kai, wato mutuwar Yesu da tashinsa. 1 Korantiyawa 15:3-8 ita ce taƙaitawar da Bulus ya ce shi ma karɓa ya yi ya miƙa, sai Romawa 8:31-39 da 1 Bitrus 1:3-9. Na fi so mutum ya riƙe waɗannan uku da kyau a kan ya riƙe alkawuran wadata hamsin, domin ranar da kasuwa ta karye ko likita ya girgiza kai, waɗannan ne ba sa motsi. Ba su dogara ga yadda al'amuranka suke tafiya ba, sun dogara ga abin da ya riga ya faru a Urushalima.

Kada ka tsallake waƙoƙin kuka. Wanda ya haddace ayoyin nasara kaɗai, ranar baƙin ciki zai ga kamar Littafin ba shi da abin faɗa masa, ko ya ɗauka kukan da yake yi zunubi ne. Zabura 42 da 43 sun dace ƙwarai, domin akwai amshi da yake dawowa sau uku, a 42:5, da 42:11, da 43:5, inda mai zaburar yake tambayar ransa dalilin karayarsa, ya kuma umarce shi ya sa zuciya ga Allah. Zabura 13 aya 6 ce kacal, ta fara da tambayar har yaushe, ta ƙare da dogara. Manomi ya ƙara da Habakuk 3:17-19, inda annabin ya lissafa gonar da ba ta yi ba da garken da ya ƙare, duk da haka ya ce zai yi farin ciki da Allah Mai Cetonsa. Don jagorar yau da kullum kuma akwai Dokoki Goma a Fitowa 20:1-17, da Matiyu 5:3-12, da Matiyu 6:25-34 a kan damuwa, da Romawa 12:9-21. In an tara waɗannan duka sun haura aya 120 da kaɗan, aikin shekara guda ke nan ga mai ɗaukar aya biyu ko uku a mako. Wanda ya gama yana son babban aiki, Wa'azin Kan Dutse, Matiyu 5 zuwa 7, aya 111 ne, wasiƙar Filibiyawa duka aya 104, ta Yakubu 108.

Ka zaɓi fassara guda ka tsaya a kanta. Muna da tsohuwar fassara ta 1932, wadda Dakta Walter Miller na Zariya yake cikin manyan waɗanda suka yi aikinta, da ta 1979, da kuma sababbi irin su Sabon Rai Don Kowa. Dukansu ana karanta su, amma in ka haddace rabin sura daga wannan rabi daga waccan, harshenka zai riƙa sarƙewa a tsakiya, ka kasa gama ko ɗaya. Wadda ake karantawa a majami'arku ta fi dacewa, domin duk Lahadi kana samun bita kyauta. Kuma ka haddace da harshen da kake addu'a da shi in abu ya kai maka iya wuya. In Hausa ce, to, Hausa, ko da Turanci kake aiki da shi a ofis. 'Yan'uwa na Nijar da Kamaru masu haɗawa da Littafin Faransanci su lura cewa a zabura da yawa lambar aya takan gota da ɗaya, domin can ana ƙidaya kan zaburar a matsayin aya ta farko.

Yadda ake yi ba shi da wuya, naci yake so. Minti 15 a rana ya isa, a lokaci guda da ba ya canjawa, kuma da safe kafin hayaniya ta fi. Ranar farko kada ka haddace kome. Ka karanta surar gaba ɗaya sau biyu ko uku, ka gane wa yake magana, da wa, a kan me. Abin da ba ka gane ba zai zube da wuri. Kashegari ka ɗauki aya ta farko, ka karanta ta da murya sau goma kana kallon rubutun. Da murya, ba a zuci ba, domin baki da kunne suna riƙe abin da ido kaɗai yake saki. In ayar doguwa ce ka karya ta a inda numfashi yake tsayawa. Sa'an nan ka rufe Littafin ka faɗe ta sau goma. In ka maƙale kada ka yi saurin leƙawa, ka ɗan yi kokawa da ita tukuna, domin wannan ƙoƙarin jawowa shi ne yake kafa ta. Masu karantawa sau talatin ba tare da sun rufe shafi ba sukan tashi da jin cewa sun iya, alhali ba su gwada kansu ko sau ɗaya ba. Daga ƙarshe ka rubuta ta da hannu ba tare da kallo ba, ka gwada da Littafin kalma bayan kalma. A nan ne za ka kama ƙananan kalmomin da suke sulalewa, irin su "amma", "gama", "saboda haka", waɗanda su ne suke riƙe da ma'anar. Ka faɗi sunan littafi da sura da aya kafin ka fara da bayan ka gama, domin adireshin ya fi kalmomin saurin ɓacewa.

In ka zo aya ta biyu, ka haɗa ƙarshen ta farko da farkon ta biyu ka maimaita su tare sau biyar. Hadda ba ta cika karyewa a tsakiyar aya ba, a mahaɗa take karyewa. Wata dabara mai taimako ita ce rubuta harafin farko na kowace kalma a ɗan kati: "Ubangiji makiyayina ne" ya zama U m n. Katin yana ba ka ɗan haske ba tare da ya ba ka amsar ba, kuma yana shiga aljihu, ka duba shi a layin banki ko cikin mota.

Amma babban aikin shi ne bita. Wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna tun 1885 cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, daga baya sai ta rage gudu, kuma maimaitawar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka tara a zama guda. Maƙwabtanmu Musulmi mahaddata Alƙur'ani sun san wannan tun da daɗewa, shi ya sa ba sa wasa da tilawar abin da suka riga suka haddace. Tsarin da yake aiki shi ne: ayar da ka koya da safe ka sake faɗarta da dare kafin ka kwanta, sa'an nan kullum har mako guda, sa'an nan sau ɗaya a mako har wata biyu, daga nan sau ɗaya a wata. Cikin minti 15 ɗin nan, goma na tsoho ne, biyar na sabo, kuma tsohon ake fara yi. Ka sami littafin rubutu ka raba shi gida bakwai, kowace rana da sassan da ake bitarsu a cikinta, don kada ka riƙa komawa kan waɗanda kake jin daɗinsu kaɗai. Wani lokaci ka fara daga tsakiyar sura, domin farko da ƙarshe sukan zauna da kansu, tsakiya ce take lalacewa. Sau ɗaya a mako kuma ka ba wani Littafin ya riƙe, kai ka faɗa. Mutum ba ya jin kuskurensa, in ya saba da shi sai ya zame masa daidai.

Akwai haddar da ake yi don gasa, a makarantar Lahadi ko taron matasa, inda yaro yake cusa sura guda cikin kwana uku ya karɓi kyauta. Ba laifi ba ne, amma in ba a bi ta da bita ba, bayan wata guda sai kaɗan ya rage. Malaman makarantar Lahadi da suke ba da sabuwar ayar haddacewa kowane mako ba tare da sun koma kan ta makon jiya ba suna yin rabin aiki ne. Gara aya 12 a shekara da yaro zai tafi da su har tsufa.

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci, domin ana iya riƙe kalmomi daidai a yi amfani da su a karkace. A Matiyu 4 Yesu ya amsa wa Iblis sau uku da Nassi, dukansu daga Maimaitawar Shari'a: 8:3, da 6:16, da 6:13. Amma Iblis ma ya jawo Nassi, Zabura 91:11-12, kuma bai ƙirƙira ba, yana nan a rubuce. Abin da ya yi shi ne ya mai da alkawarin kariya ga mai dogara ga Allah ya zama lasisin gwada Allah. Yesu ya gane domin ya san Littafin fiye da ayar guda.

Dubi Irmiya 29:11, wadda ake rubutawa a jikin motoci da katin biki, inda Allah ya ce ya san shirin da yake da shi domin mutanensa, na alheri ba na masifa ba. Wasiƙa ce Irmiya ya aika wa Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila. Ayar da take gabanta, ta 10, ta ce sai shekara 70 ta cika kafin a komo da su. Aya ta 5 zuwa ta 7 ta ce su gina gidaje, su yi gonaki, su yi aure su aurar, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su bauta, su yi masa addu'a. A sura ta 28 kuma wani annabi, Hananiya, ya ce cikin shekara biyu kome zai ƙare, Allah ya ƙaryata shi, ya mutu a shekarar. Wanda ya haddace aya ta 11 kaɗai zai ɗauka an yi masa alkawarin aiki kafin ƙarshen shekara, in bai samu ba sai ya ce Allah ya saɓa. Wanda ya haddace daga aya ta 4 zuwa ta 14 yana da abin da ya fi wannan ƙarfi nesa: Allah bai manta da mutanensa ba ko da wahalar za ta wuce tsawon ransu, kuma akwai aikin da ya ba su su yi a cikinta. Mutanen da rikici ya raba da garuruwansu sun fi kowa bukatar wannan cikakken karatu. Haka Filibiyawa 4:13, mai cewa zan iya yin kome ta wurin mai ƙarfafa ni. Bulus yana tsare ya rubuta ta, kuma a aya ta 11 da ta 12 ya bayyana abin da yake nufi: ya koyi zama da ƙoshi da yunwa, da samu da rashi.

Saboda haka kowane sashe da ka riƙe, ka riƙe shi tare da amsar tambayoyi uku: wa ya faɗa, wa aka faɗa wa, a cikin wane hali. Tambayar farko kaɗai tana hana ɓarna mai yawa. Ayuba 8:7, mai cewa farkonka ƙarami ne amma ƙarshenka zai yi girma, maganar Bildad ce. Ayuba 22:28, mai cewa abin da ka zartar zai tabbata, maganar Elifaz ce. A Ayuba 42:7 Allah ya ce ya husata da Elifaz da abokansa biyu domin ba su faɗi gaskiya game da shi ba. Duk da haka ana jin ayoyin nan a bakin masu wa'azi kamar alkawarin Allah ne. Littafin Karin Magana kuma yana faɗin yadda al'amura suka saba tafiya ne, ba rantsuwa yake yi a kan kowane mutum ba. Iyayen da suka yi renon ɗa da tsoron Allah ya kuma bauɗe kada su ɗauki 22:6 su yanke wa kansu hukunci.

Abu biyu zan faɗa ba kwana-kwana. Buɗe Littafi a Zabura 91 a ajiye ƙarƙashin matashin kai ko a gaban mota don tsari, mai da shi laya ne. Isra'ilawa sun yi irin wannan da akwatin alkawari a 1 Sama'ila 4, suka ɗauko shi zuwa fagen yaƙi suna zaton zai cece su, aka ci su, Filistiyawa suka tafi da akwatin. Na biyu, rufe ido a buɗe Littafi da ka a ɗora yatsa don neman amsa, wannan ya fi kusa da duba. Maganar tana aiki ne ta wurin a ji ta, a gane, a gaskata, a yi biyayya.

Jagora ta gaskiya takan zo a hankali fiye da haka. Ɗauki mai sayar da hatsi da aka nuna masa dabarar mudu biyu, babba na saye, da wanda aka bubbuge gindinsa na sayarwa, aka ce masa kowa haka yake yi. In yana da Maimaitawar Shari'a 25:13-15 a ka, inda aka hana ajiye ma'auni iri biyu, babba da ƙarami, a jaka ko a gida, ba ya bukatar mafarki ko annabi. Maganar za ta tsaya masa a rai tun mudun yana hannunsa. Wanda aka zalunta kuma, Romawa 12:17-21 ta hana shi ramuwa da hannunsa, amma in ya ci gaba zuwa 13:4 zai ga an ɗora wa hukuma hukunta mai mugunta, saboda haka kai ƙara da neman shari'a ba rashin gafara ba ne. Inda Littafin bai ambaci abu da suna ba, kamar wane aiki za ka karɓa ko wane gari za ka koma, Nassin da ka riƙe yana kawar da abin da bai halatta ba, yana bincika nufin zuciyarka, sa'an nan ya tura ka roƙon hikima bisa ga Yakubu 1:5 da neman shawarar mutane bisa ga Karin Magana 15:22. Abin da ya rage bayan wannan, ka zaɓa da hankalin da Allah ya ba ka.

Hadda ba don kanka kaɗai ba ce. 1 Tasalonikawa 4:13-18 ta yi maganar waɗanda suka yi barci cikin Almasihu, ta ƙare da cewa a ta'azantar da juna da waɗannan kalmomi. Amma a gidan makoki a san lokaci. Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana bakwai ba su ce uffan ba, kuma wannan ne mafi kyaun abin da suka yi. Kada ka jefa wa matar da ta binne ɗanta jiya Romawa 8:28. Ka zauna, ka yi kuka da masu kuka, in an buɗe maka ƙofa ka faɗi Yahaya 11:25-26 ko Zabura 23 a hankali, ba tare da dogon bayani ba.

A gida, Maimaitawar Shari'a 6:6-7 ta riga ta ba da jadawali: a zaune a gida, a tafe a hanya, lokacin kwanciya, lokacin tashi. Sashe guda ga iyali duka a wata, a faɗe shi tare a sujadar safe, ƙanana su ɗauki layi ɗaya a rana. Wanda bai iya karatu ba ba a bar shi a baya ba, domin yawancin masu bi na farko da kunne suka karɓi Maganar. A sa masa Littafi Mai Tsarki na sauti a waya, ko jika ya riƙa karanta masa jimla yana maimaitawa. Zumuntar Mata sun daɗe da gane cewa abin da aka sa a waƙa ba ya ɓacewa, sai dai a riƙa gwada waƙar da rubutun, domin mai waƙa yakan rage ko ya ƙara kalma don kari ya zauna.

Wata rana za ka faɗi abin da ka haddace daidai, ka ji zuciyarka ba ta motsa ba. Wannan ma yana cikin Littafin: Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare da duhu, amma daga farko har ƙarshe da Allah take magana. Ka ci gaba da faɗa, ka bari 'yan'uwa su faɗa maka. In kuwa baƙin cikin ya wuce mako biyu yana hana ka barci da ci da aiki, ko tunanin kashe kai ya fara zuwa, ka gaya wa fasto ka kuma ga likita ba da jinkiri ba, domin wannan ciwo ne da ake magani.

In tafiya ko aikin damina ya sa ka yi fashin wata guda ko biyu, kada ka ce ta rushe, kada kuma ka ɗauki sabon sashe don ka rama. Ka koma kan tsofaffin ɗaya bayan ɗaya: ka gwada faɗa ba kallo, ka sa alama da fensir a inda ka maƙale, ka gyara wuraren nan kaɗai, ka mai da sashen cikin bitar kullum na mako guda. Abin da aka taɓa haddacewa yakan dawo cikin kwanaki kaɗan, da sauri fiye da yadda ya shiga da farko. Sai dukansu sun miƙe kafin ka ƙara aya ta gaba.